Inci Talatin da Takwas na Alhaji Umaru

Kun sha tambayata abin da ya sa nake hana a sa maɓalli a hannun dama na kaftanin Alhaji Umaru. Kun kuma sha yi mini gunaguni a bayan ido kan dokar da na kafa, cewa ba a yanka yadin kowa a shagon nan sai an zagaya masa tef an faɗi lambar da ƙarfi. Na san har cewa kuke yi tsufa ne ya fara taɓa Baba Sule. To ku tsayar da kekunan ku saurara, abubuwan nan biyu tushensu ɗaya ne. Akwai wata Laraba da ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah, ranar da wata baiwar Allah ta shimfiɗa bandeji a kan teburin yankan nan ta ce in auna mata.

Bari in fara da yadda aikinmu yake, saboda na san labarin zai kai kunnen waɗanda ba su taɓa riƙe almakashi ba. Shekara talatin da ɗoriya ke nan ina yanka a nan Tudun Wada. Kakana aikin jirgin ƙasa ne ya kawo shi Minna, mahaifina ya kama ɗinki, ni na gaje shi. A shago irin namu kowa da nasa aikin. Mai yanka shi ne babba, shi ke riƙe da littafin awo. Bayansa akwai masu haɗawa a kan keke, sai mai aikin wuya, sai mai guga da sa maɓalli. Idan sabon mutum ya zo, mai yanka zai auna masa tsawon riga, kafaɗa, hannu, wuya, ƙirji, ciki da tsawon wando, ya rubuta da biro a shafi guda. Daga ranar shafin ya zama nasa.

Ga abin da ba a rubuce yake ba. A yadda muka koya a hannun tsofaffi, babban mutum sau ɗaya ake auna shi. Bayan nan aiko da yadi kawai yake yi, a ce maka, "Ya ce a yi da awonsa." Rashin ladabi ne ka aika wa mai furfura cewa ya zo a sake auna shi don ya ajiye tumbi. Sai dai ka auna shi da ido. Ka gan shi a masallacin Juma'a, ka lura gaban rigar ya ɗage, aljihun gefe ya buɗe baki, ka dawo shago ka ƙara inci ɗaya a yanka. Lambar biro ba ka taɓa ta. Ƙarin da fensir kake sa shi, ƙanana, a gefen shafi. Mahaifina ya sha gaya mini cewa tela na ƙwarai rigarsa ba ta gaya wa mai ita maganar da ba ya son ji. Wando kuwa zariya ce, ita ba ruwanta da kowa.

Ni kuma, ba yabon kai ba, idona ba ya kuskure. Abin da nake taƙama da shi ke nan a lokacin.

Alhaji Umaru dillalin shanu ne a kara, wato kasuwar shanu. Ranar da na fara auna shi, shekara goma sha ɗaya kafin abin da zan faɗa muku ya faru, dogon Bafulatani ne mai ƙarfi, yana shiga ruga da ƙafarsa, ya wuni yana bin garke yana duba haƙoran shanu. Ya fara cika, amma ba wanda zai ce masa mai ƙiba. Na zagaya masa tef a ciki, inci talatin da takwas, na rubuta.

Sai Allah ya buɗa masa. Ya daina shiga daji, ya samu masu shiga masa. Ya samu benci a ƙarƙashin rumfa, waya biyu da mota. Da safe fura da nono an cika mata sukari, da rana sakwara ko shinkafa malmala biyu, lemon kwalba ya maye gurbin ruwa, da yamma kuma mahauta ba sa barinsa ya tafi gida hannu rabbana. Duk inda ya bi cewa ake yi, "Alhaji, hutu ya karɓe ka." Shi kuma ya yi murmushi ya ce alhamdu lillahi. Ni ma na sha faɗa masa haka.

Kusan kowace shekara nakan ƙara masa inci, wata shekarar ɗaya da rabi. Da yadi huɗu ya daina isa, sai na aika masa cewa a riƙa kawo biyar, wai shaddar yanzu ba ta da faɗi. Bai ce uffan ba, ya ci gaba da aiko da biyar.

Mutum ɗaya ne ya taɓa yi mini magana a kai, shi ne Ndagi, ga shi nan zaune a keken farko, sai ya ƙaryata ni idan na ƙara. Banufe ne, tare muka koyi sana'a, don haka ba ya jin nauyina. Wata rana ya leƙa littafin ya ce, "Sule, wannan fensir naka zai cinye shafi. Ka gaya wa mutumin nan mana."

Na ce, "Kai ka je ka gaya masa. Ka ce Alhaji ka zama buhu, mu ga ko za ka dawo da haƙoranka."

Muka yi dariya, aka bar maganar.

Shekara uku da suka wuce, ana saura mako biyu babbar Sallah, sai ga Alhaji da kansa a shago, abin da ya daɗe bai yi ba. 'Yan matakalan nan uku na bakin ƙofa ya hau, amma sai da ya dafa bango yana haki. Na ba shi kujera. Waya tana kunnensa, da alama musu yake yi da wani. Sai ya buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji, ya miƙo ta wajena.

Ya ce, "Sarkin almakashi, ga Likita a waya. Don Allah buɗe littafinka ka faɗa mata awon cikina."

Likita da yake faɗa ba likita ba ce, 'yarsa ce ta fari, Hadiza. Nas ce a wani asibiti wajen Chanchaga. Kun san Fulani da ɗan fari, ba ya kama sunanta, sai ya laƙaba mata Likita. Na santa tun tana 'yar ƙarama.

Shagon a cike yake, kowa ya zo karɓar ɗinkin Sallah, kowa ya zuba mana ido. Na buɗe shafin. Ga biro, ga fensir. Na sa babban yatsana a kan fensir ɗin, na ce, "Talatin da takwas ne a littafi."

Ta ce, "Baba Sule, ina wuni. Talatin da takwas fa ka ce? Har yanzu?"

Na ce, "Awonsa yana nan, 'yata."

Alhaji ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce da ita, "Kin ji ko? Mutumin da ke yanka mini kaya shekara da shekaru." Ya kashe wayar, ya karɓi kayansa, ya tafi yana sa mini albarka. Ban tambaye shi abin da ya kawo maganar ba. Na ɗauka musun gida ne irin na uba da 'ya, na kuma ji daɗi da na fitar da shi kunya a gaban jama'a. Ndagi ne kawai ya ɗago ya dube ni, ya mayar da kai kan kekensa.

Wata huɗu bayan nan muka ji labari Alhaji ya faɗi a kara, ana cikin ciniki, an ɗauke shi ranga-ranga. Aka ce ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Na yi salati, na yi masa addu'a, na ce zan je dubiya ranar Juma'a. Wallahi ko kusa bai zo mini a rai ba cewa da hannuna a ciki.

Ranar Laraba bayan azahar ina tsaye ina zana alli a kan yadi, sai ga Hadiza da fararen kayan aikinta da hijabi a sama. Ta gaishe ni yadda ta saba, har da rusunawa. Na ce ta zauna, ta ce a'a. Na tambayi jikin Alhaji, ta ce da sauƙi. Sai ta buɗe jaka ta fito da bandeji fari a nannaɗe, ta warware shi a kan teburin nan, daga wannan gefe har ya kusa kaiwa wancan.

Ta ce, "Baba Sule, don Allah auna mini wannan."

Na ɗauka wani ɗinki take so. Na ciro tef daga wuyana na ɗora. Na ce, "Arba'in da tara."

Baffa take kiran mahaifinta. Ta ce, "Cikin Baffa ne. Bai yarda an sa masa tef a asibiti ba, ni kuma ka san ba zan iya ba. Jiya yana barci na roƙi ma'aikata maza suka zagaya masa wannan daidai cibiya, suka yanka."

Kekunan shagon duk suka tsaya. Na zauna a kujera.

Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. A tsaye ta ba ni labarin da ban sani ba. Ashe kafin waccan Sallar ta lallaɓa shi da ƙyar ya je an duba shi. Aka samu jininsa ya hau, sukari ma ya fara hawa. Likita ya ce masa ƙibar ce tushen abin, musamman ta ciki, ya ce namiji idan cikinsa ya wuce inci arba'in ya shiga haɗari, shi kuwa ko da ido an san ya wuce da nisa. Ya ba shi magani, ya ce ya rage ci, ya riƙa tafiya da ƙafa, ya dawo bayan wata ɗaya. Alhaji ya ce babbar riga ce ke ruɗin likita. Aka ɗora shi a sikeli, ya ce shi dama ƙashinsa nauyi gare shi, kuma shi da ya ƙare rayuwarsa a kasuwa ba sikelin da zai yarda da shi. Aka kawo tef, ya ce ba wanda zai ɗaga masa riga, yana da tela.

Ta ce, "Ranar da ya kira ni daga shagon nan, mun yi alkawari da shi. Ya ce idan ka ce ya wuce arba'in zai bi duk abin da likita ya ce. Idan bai wuce ba in ƙyale shi. Da ka ce talatin da takwas, bai sake komawa asibiti ba. Maganin ma da ya ƙare bai sake karɓa ba. Duk wanda ya yi masa magana sai ya ce telansa ya wanke shi, saura inci biyu ma."

Na ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ta ce, "Zan iya ganin littafin?"

Na buɗe mata. Wannan karon ba inda zan sa yatsa. Ta bi fensir ɗin layi-layi tana haɗawa a hankali, ɗaya, ɗaya, ɗaya da rabi, rabi. Ta haɗa da talatin da takwas, ya ba ta arba'in da tara cif. Abin da ya fi girgiza ni ke nan. Idon nan da nake taƙama da shi bai yi kuskuren ko rabin inci ba. Ke nan duk faɗin Minna, har da likitan, har da matarsa, babu wanda ya san girman cikin Alhaji Umaru kamar ni. Ni aka tambaya, kuma ni na ce yana nan. Na ajiye tef ɗin.

Na fara cewa, "'Yata, al'adar sana'a ce, ba ma son mu ba babba kunya..."

Ta ce, "Na gane, Baba. Ba don in yi maka rashin kunya na zo ba. Likita ya ce wannan karon Allah ya taƙaita. Idan bai sauke nauyin nan ba, bai riƙe magani ba, zai iya sake faɗuwa, kuma na biyun ba lalle ya tashi ba. Jiya aka kawo masa abincin da likita ya tsara, ya ture, ya ce a kawo masa fura da sukari. Har yanzu talatin da takwas yake faɗa, da bakin da ya karkace. Ba ya jin maganata, ba ya jin ta likita. Taka yake ji."

Ta nannaɗe bandejinta ta ce ana buɗe ƙofar dubiya ƙarfe huɗu, ta fita.

Kada in yi muku ƙarya, ban tashi nan take ba. Na zauna ina neman hanyar zillewa. Na ce ko in rubuta takarda in ba ta. Na ce ko in bari ya warware tukuna. Yaya zan tsaya a gaban mutumin da ya ba ni amana shekara goma sha ɗaya, yana kwance, in ce masa ƙarya nake maka? Ndagi ya taso ya ɗauki littafin ya sa mini a hannu, ya rataya mini tef a wuya, ya ce, "Tashi mu je. Ni zan tuƙa babur, kai ba za ka iya ba."

Mun isa ƙarfe huɗu da 'yan mintuna. Alhaji yana kwance a gadon kusa da taga, an jingina shi da filo. A cikin rigar asibiti, ba babbar riga, ba kaftani na da ke rufe komai, sai na ga abin da na yi shekaru ina lulluɓewa. Hannunsa na hagu yana ajiye a kan cikin kamar ba nasa ba. Da ya gan ni fuskarsa ta saki. Maganarsa tana fita a hankali, sai ka kasa kunne.

Ya ce, "Sarkin almakashi. Ka zo ka faɗa musu?"

Na ce, "Na zo in faɗa maka, Alhaji."

Na jawo kujera na buɗe shafinsa na riƙe masa kusa da ido. Na nuna masa biro, na ce wannan awon ranar farko ne. Na nuna masa fensir, na ce wannan Sallar shekara kaza ce, wannan ta bayanta, wannan lokacin bikin ɗanka ne. Na bi su duka ban tsallake ko ɗaya ba. Na ce, "Rabonka da talatin da takwas shekara goma. Ka wuce arba'in tun shekara takwas da suka wuce. Yau arba'in da tara kake. Ranar da ka ba ni waya na sani, na rufe da yatsa. Ka yafe mini."

Ya daɗe yana kallon shafin. Ina jiran zagi, ko ya kira a fitar da ni. Sai ya ce, "To yadi biyar ɗin fa?"

Na ce, "Huɗu ne ya daina isarka. Faɗin shadda bai canja ba."

Ya rufe ido. Can ya ce, "Sule, ni na ɗauka ɗiba kake yi."

Ban gane ba da farko. Na ce, "Ɗiba?"

Ya ce, "Na san shadda ba ta tsuke ba, ni ma ina da ido. Na ce a raina mutumin nan yana da iyali, yana cire yadi ɗaya yana yi wa yara riga. Shekara shida ina aiko maka da biyar. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko uwar Likita. Na ce kada in ba ka kunya."

Jama'a, na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi tun daga ka. Ni Sule, da ko ƙyallen da ya rage nake naɗewa in mayar wa mai shi, ashe shekara shida aminina yana kallona a matsayin ɓarawon yadi, yana gaishe ni da fara'a, yana rufa mini asiri. Ni kuma ina nan ina rufa masa nasa. Kowannenmu yana ganin alheri yake yi wa ɗan'uwansa, ga shi alherin ya kwantar da mutum a gadon asibiti. Hawaye kawai na ji yana bin gemuna.

Ya buɗe ido ya dube ni ya ce, "Da ma ɗibar kake yi, da ya fi mini."

Sannan ya juya fuskarsa wajen taga ya ce in tafi. Na tashi na fito. Hadiza tana tsaye a bakin ƙofa, ta ji komai. Ndagi ya mayar da ni Tudun Wada a babur.

Mako uku ban ji daga gare su ba. Na ɗauka zumunci ya yanke, kuma na san na cancanta. Abin da ya fi damuna ban san ko ya karɓi maganar ba, ko yana can yana ture kwano. Kullum waya ta yi ƙara sai in ce sanarwar jana'iza ce. Sai wata Asabar da safe Hadiza ta kira ta ce, "Baba Sule, an sallame mu. Baffa ya ce ka zo, ka taho da tef."

Na same shi a zauren gidansa, yana zaune da sanda a gefe. Bai yi mini doguwar gaisuwa ba. Ya dafa sanda ya miƙe da ƙyar, ya ɗage rigarsa da hannun dama, shi da bai taɓa yarda wani ya ga cikinsa ba, ya ce, "Zagaya. Ka faɗa da ƙarfi, a ji daga cikin gida."

Na zagaya na ce, "Arba'in da takwas da rabi."

Ya ce, "Goge fensir ɗinka ka rubuta da biro. Farkon kowane wata ka zo." Sai ya miƙo hannu ya ce, "Kawo tef ɗin. Ɗaga rigarka."

Na yi dariya, na ɗauka wasa yake. Bai yi dariya ba. Ya sa na riƙe bakin tef ɗin a cibiyata na juya, shi ya karanta. Arba'in da huɗu. Na ce tef ɗin ya karkace, a sake. Aka sake, arba'in da huɗu. Ni a kaina talatin da shida nake, awon da na yi wa kaina tun ina angon farko. Nawa kayan ma da ido nake yanka su, ina ƙarawa ban taɓa lissafawa ba. Shekara talatin daga tebur sai kujera, daga kujera sai kwanon abinci. Ashe abin da na yi wa Alhaji na daɗe ina yi wa kaina.

Ya ce, "Likita tana ciki da abin awon jini. Shiga."

Ta auna, ta dube ni, ta sake aunawa a ɗaya hannun. Ta rubuta mini takarda ta ce Litinin da sassafe in je in ga likita, kada in ce sai na gama ɗinkin wane. Na je. Har yau ina shan maganin.

Daga nan muka fara tafiyar da kuke ganin ina yi bayan sallar asuba. Da farko daga ƙofar gidansa zuwa masallaci kawai yake iyawa, yana jan ƙafa, ina riƙe da shi. Bayan wata biyu muka kai bakin layin dogo. Yanzu muna bin gefen layin mu yi rabin awa mu juyo, wata rana har fiye. Abinci kuma Hadiza ce ta tsaya a kai. Malmala biyu ta koma ɗaya ƙarama, miyar ganye ta yi yawa, wake ya shigo, lemon kwalba ya fita daga gidan, fura ba sukari. Ya sha yi mini ƙorafi a hanya, wai shi mai shanu an mayar da shi akuya, sai ganye. Ni kuma in ce masa ai akuya ba ta hawan jini. Mahautan kara sun yi fushi da shi na ɗan lokaci, har da masu cewa ko karayar arziki ce ta sa yake ramewa. Ya ce su faɗi abin da suke so.

Ba a miƙe abin ya tafi ba. Akwai wata biyu da tef bai motsa ba ko kaɗan. Bayan babbar Sallah ta gaba kuma, da naman layya ya cika gida, na zagaya na ga ya ƙaru da inci ɗaya. Ya zuba mini ido yana jira, fuskarsa cike da sa rai, ga shi ya sha wahala wata da watanni. Wallahi sai da na ji tsohuwar maganar ta taso mini har bakin harshe, yana nan, Alhaji. Na haɗiye ta na ce, "Ka ƙaru. Arba'in da biyar." Ya yi tsaki, ya zage ni da Fulatanci, washegari ya riga ni fitowa.

Awon farkon watan nan arba'in da ɗaya ne. Ni ina talatin da tara. Likita ya ce jininsa ya zauna, sukarin ma ya sauka. Ya koma kara, har yana zagaya shanu da ƙafarsa, kuma yadi huɗu da rabi yake aikowa, ragowar ina naɗe masa in mayar, shi kuma kullum sai ya warware ya auna a gabana don ya ba ni haushi.

Abin da na koya a sana'ar nan bayan na yi furfura a cikinta shi ne, mu teloli muna ganin abin da likita ba ya gani. Mutum zai yi shekara biyar bai taka asibiti ba, amma ba zai tsallake Sallah biyu bai aiko mana da yadi ba. Jikinsa a hannunmu yake canjawa, inci bayan inci. An koya mana cewa ladabi shi ne mu yi shiru, kuma mutanenmu suna son mai yi musu shirun. Ni na ga inda shirun ya kai. Don haka ko wane ne, ko da mota nawa ya zo, ku zagaya masa tef, ku faɗi lamba, ku rubuta da biro. Idan ya wuce na bara ku ce ya wuce. Wanda ya yi fushi ya ɗauke yadinsa, Allah ya raka taki gona ba zan ce ba, amma ba zan bi shi ba. Mutum biyu sun daina kawo mana ɗinki a kan haka, wani kuma ya dawo bayan wata uku ya ce daga nan asibiti ya wuce.

Saura maganar maɓalli. Ƙafar Alhaji ta dawo, bakinsa ya kusa daidaita, amma hannun hagu bai dawo ba, kuma likita ya ce kada a sa rai. Maɓallin hannun dama da hannun hagu ake ɓalla shi. Kaftanin farko da na ɗinka masa bayan ya tashi, na manta na sa. Na same shi a zaure yana ƙoƙarin ɓalla shi da haƙori, don kada ya kira wani ya taimake shi. Na karɓo rigar na dawo da ita shago na cire maɓallin da hannuna.

Shi ya sa idan kayansa suka zo wajen guga, ba na barin kowa ya gama hannun daman. Ni nake kalmashe shi da kaina.